Yadda Ake Lissafa Filin Lantarki da Juyin Filasma, Mataki-Mataki

Abin da ke fara rikita mutum in ya shigo karatun filasma, wato iskar gas da ta yi zafi har ƙwayoyinta suka rabu zuwa ayon da ilektiron, shine, tun shekarar farko a jami'a an koya masa cewa in kana neman filin lantarki sai ka ƙirga caji ka saka a lissafin Poisson shikenan ka samu E, wato filin lantarkin. To a filasma wannan hanyar ba ta ɓullewa, kuma duk wanda ya nace sai ta nan zai bi, zai daɗe yana fama. A filasma mai maganadisu, filin lantarkin da ke tsallaka layukan maganadisu da juyin filasmar abu ɗaya ne da fuska biyu, in ka san ɗaya tare da matsin filasmar to ka san ɗayan. Da tokamak zan yi misali saboda can aka fi yin wannan lissafin, wato na'urar nan mai siffar tayar mota da ake tsare filasma mai zafin miliyoyin digiri a ciki.

Mu fara daidaita kalmomi don kar mu ɓata a hanya. Taya tana da zagaye biyu, dogon zagaye wanda ke kewaye ramin tsakiya, shi ake rubutawa da φ, sai gajeren zagaye wanda ke naɗe jikin tayar, shi kuma θ. Daga cibiyar filasma zuwa bango r ne. Filin da muke farauta shine E_r, wanda ke nuna waje ko ciki.

Mataki na 1: ka gamsar da kanka cewa ƙirga caji ba zai yi ba

Yi wannan lissafin sau ɗaya da hannunka. A ce filin lantarki ya canza da kilobolt 25 a mita cikin faɗin santimita 2, wanda ba baƙon abu bane a gefen filasmar tokamak. Ka ninka saurin canjin da ε0, tsayayyar lambar da ke cikin lissafin Poisson, wato 8.85×10^-12, ka raba da cajin ilektiron, zaka samu bambancin ayon da ilektiron kusan 7×10^13 a kowace mita kubik. Filasmar kuwa tana da wajen 3×10^19 a mita kubik. Kaga bambancin kashi 2 ne cikin miliyan. Babu na'urar awo da za ta ba ka yawan ayon da na ilektiron daidai har wannan matakin, haka lissafin kwamfuta ma kuskurensa kaɗai ya isa ya haɗiye wannan lambar. Shi yasa a tiyori ake ɗaukar cewa cajin fozitif da negatif sun yi daidai, sai a nemo E ta wata ƙofar, in ma kana son sanin ragowar cajin sai daga baya ka juya lissafin Poisson ka ciro shi daga E.

Mataki na 2: ka riƙe zamiyar E×B sosai

Ƙwaya mai caji a cikin maganadisu kewaye layin take yi kamar an ɗaure ta da zare. Ayon ɗin diyutiriyom mai zafin keV 10 (kilo-ilektironbolt, ma'aunin makamashin ƙwaya) a maganadisun tesla 5, nisansa daga layin da yake kewayewa bai wuce milimita 4 ba. In ka sa filin lantarki a gicciye, a rabin zagayen ƙwayar tana ƙara gudu da'irarta ta buɗe, a ɗaya rabin ta rage gudu da'irar ta tsuke, sakamakon haka ba ta bin E ɗin kai tsaye, sai ta rinƙa zamewa gefe, ta fuskar da ta gicciye E da B duka, B shine filin maganadisu. Gudun zamiyar shine E×B raba da B², ko a taƙaice E/B. Kilobolt 10 a mita a tesla 2 zai ba ka kilomita 5 a daƙiƙa.

Abin lura a nan babu nauyin ƙwaya a lissafin, babu cajinta. Ayon da ilektiron da duk wata daudar da ta shigo daga bango tare suke tafiya gudu ɗaya fuska ɗaya, shi yasa zamiyar E×B ba ta haifar da karan, wato kwararar lantarki, filasmar gaba ɗaya take kwashewa. Tunda E_r yana nuna waje ko ciki, zamiyarsa a kan shimfiɗar maganadisu take kwance (shimfiɗun nan masu siffar taya, ɗaya cikin ɗaya, da layukan maganadisu ke kwance a kansu), wato juyi kenan.

Akwai wani abu kuma da mutane ke mantawa, shi filin lantarki ya danganta da inda kake tsaye. In kana tafiya da gudun V, filin da zaka gani shine E + V×B. Wanda ya hau filasmar yana zamewa tare da ita zai rantse babu filin lantarki. Don haka kafin ka rubuta komai ka faɗa ko a ɗakin gwaji kake tsaye ko a kan filasma mai juyi kake, yawancin manhajojin lissafin hargitsi, wato ƙananan guguwoyin da ke tasowa cikin filasma, a kan filasmar suke hawa.

Mataki na 3: zaɓi alamominka ka rubuta su a saman takarda

Wannan ɗan ƙaramin mataki ne amma shi ke cinye wa mutane makonni. Ka ɗauki jerin r, θ, φ da dokar hannun dama, ka rubuta inda karan ɗin filasma ya nufa, da inda B_φ, wato maganadisun dogon zagaye, ya nufa. Ni kaina na taɓa shafe kwanaki ina neman dalilin da rijiyar E_r, wato ramin negatif da E_r ke yi a gefen filasma, ta zame min tudu, ashe bayanan da aka ba ni da jerin r, φ, θ aka shirya su. Gwaji mai sauƙi da zaka riƙe: juyi a dogon zagaye ta fuskar da karan ke bi E_r fozitif yake bayarwa. In naka ya ba da akasin haka, koma ka duba.

Mataki na 4: lissafin daidaiton ƙarfi daga ciki zuwa waje

Nan ne zuciyar aikin. Kowane nau'in ƙwaya, matsinsa na tura shi waje, ƙarfin lantarki da na maganadisu na riƙe shi, kuma tunda filasmar ba ta fashe ba to sun yi daidai. In ka ware E_r zaka samu

E_r = (1/Zen)·dp/dr − V_θ·B_φ + V_φ·B_θ

Z cajin ƙwayar, e girman cajin ilektiron, n yawanta, p matsinta wato n sau zafinta T, V_θ da V_φ gudunta a gajeren zagaye da dogon zagaye, B_θ kuma maganadisun gajeren zagaye. Guda uku ne ke haɗuwa, gangaren matsi, juyin gajeren zagaye, juyin dogon zagaye. Dabarar da za ta sauƙaƙa maka rayuwa, in ka rubuta T da ilektironbolt (eV) to na farkon kawai T ne raba da tsawon gangaren matsi, amsar ta fito da bolt a mita, kuma negatif ce tunda matsi raguwa yake in ka doshi bango.

Mu gwada da lambobin da na zaɓa don misali. Tsakiyar filasma, ayon diyutiriyom mai zafin eV 3000, B_φ tesla 2.5, B_θ tesla 0.3. A ce tsawon gangaren yawa santimita 60 ne, na zafi kuma 40. Ɓangaren yawa 3000 raba da 0.6, mainos kilobolt 5 a mita. Ɓangaren zafi 3000 raba da 0.4, mainos 7.5. Haɗe mainos 12.5. A ce ana harba wa filasmar ƙwayoyi marasa caji ta fuskar karan har tana juyi kilomita 150 a daƙiƙa, ninka da 0.3, fulos 45. Saura na gajeren zagaye.

Shi V_θ yana da wuyar aunawa don ƙarami ne, 'yan kilomitoci kawai, amma da B_φ babba ake ninka shi don haka ba a watsar da shi. Dalilin ƙanƙantarsa, maganadisun tokamak ya fi ƙarfi ta ciki kusa da ramin taya, ya yi rauni ta waje, filasmar da ke bin gajeren zagaye kullum ana matse ta ana sakinta, wannan ke cinye gudun cikin lokaci kwatankwacin na karon ayon da ayon. Abin da ke saura shine wanda tiyorin niyokilasik, mai lissafa karon ƙwayoyi a siffar taya, ya bayar, wata lamba k sau gangaren zafin ayon raba da B. In filasmar na da zafi sosai karo ya yi ƙaranci, kuma tayar siririya ce, k kusan 1.17 ne, in karo ya yi yawa kuma k na raguwa har ya canza alama. A misalinmu 1.17 sau 7.5 ya ba da fulos 8.8. Duba fa abin da ya faru, ya share ɓangaren zafi gaba ɗaya har da ɗan ƙari. Jimla: mainos 12.5, fulos 8.8, fulos 45, E_r ya zama kusan fulos kilobolt 41 a mita.

Yanzu raba 41 da 2.5, zamiyar E×B kilomita 16 da ɗoriya ce a daƙiƙa. Wani zai ce to ina 150 ɗin ta tafi? Ai yawancin juyin dogon zagaye tare da layin maganadisu yake tafiya, shi kuma gudun da ke bin layi ba ya buƙatar filin lantarki ko kaɗan. Ɗan kason da ya tsallaka layi ne kawai, wato V_φ sau B_θ raba da B, kusan kilomita 18, shi ke da alaƙa da E_r.

Koma gefen filasma kuma ka ga labari ya juye. Zafi eV 500 kacal, amma matsi na faɗuwa cikin santimita 2, wannan mainos 25 kenan. Juyi ya ragu zuwa kilomita 30, fulos 9. Ka ba gajeren zagaye fulos 4. E_r ya zama mainos 12. Fozitif a tsakiya, rami negatif a gefe, wannan ramin shi ake kira rijiyar E_r.

Lissafin nan gaskiya ne ga kowane nau'in ƙwaya shi kaɗai, kuma E_r ɗaya ne ga kowa. Shi yasa masu gwaji ba sa wahalar da kansu da diyutiriyom, dauda suke kallo, galibi kabon mai caji 6 da ke fitar da haske a nanomita 529 in ya karɓi ilektiron daga ƙwayoyin da ake harbowa. Faɗin layin hasken ya ba da zafi, ƙarfinsa ya ba da yawa, gocewarsa ta ba da gudu, kilomita 50 a daƙiƙa gocewar kusan nanomita 0.09 ce. Sai dai kar ka haɗa gudun kabon da matsin diyutiriyom a lissafi ɗaya, kuskuren da ake yawan yi kenan. In kabon ka ɗauka to duka ukun na kabon ne, kuma gangaren matsinsa sai an raba da 6.

Mataki na 5: gwada amsarka da dokar Ferraro

Vincenzo Ferraro ya nuna a 1937, yana maganar taurari ne ma, cewa a filasma mai kyakkyawan ɗaukar lantarki da ta zauna daram, duk wuraren da ke kan layin maganadisu ɗaya da saurin kwana ɗaya suke juyi. Dalili, ilektiron na gudu a kan layi ba wahala, ba sa barin bambancin boltej ya taru a tsawonsa, don haka kowace shimfiɗar maganadisu boltej ɗinta ɗaya ne. A aikace wannan na nufin E_r raba da R sau B_θ lamba ɗaya ce a duk faɗin shimfiɗa, inda R shine nisa daga tsakiyar ramin taya. E_r shi kansa ba ɗaya bane, inda shimfiɗu suka matsu da juna ya fi ƙarfi. In kana da E_r na ɓangaren ciki da na waje ka raba kowanne da R·B_θ nasa, in ba su zo kusa da juna ba akwai matsala a taswirar maganadisunka ko a awon.

Mataki na 6: duba ko juyin ya kai a damu da majaujawa, wato ƙarfin da ke watsa abu mai juyi waje

Raba gudun juyi da gudun zafin ƙwayar. Diyutiriyom a eV 3000 gudun zafinsa wajen kilomita 540 ne a daƙiƙa, 150 raba da 540 bai kai 0.3 ba, to da sauƙi. Amma tungsten nauyinsa 184, ya ninka diyutiriyom sau 92, gudun zafinsa bai wuce kilomita 56 ba, shi a wajensa juyin nan ya kusa ninka gudun zafinsa sau 3. Majaujawa za ta watsa shi ɓangaren waje na taya ya taru can, abin da aka gani ƙarara a tokamak ɗin JET ta Ingila bayan an sa mata bangon beriliyom da tungsten a 2011. Kuma in majaujawa ta tura ayon waje ilektiron ba su da nauyin da za su bi da kansu, sai ɗan filin lantarki ya taso a gajeren zagaye ya ja su, kaga boltej ya daina zama ɗaya cif a kan shimfiɗa. A nan zaka yanke shawara wane tiyori zaka ɗauka, na juyi mai sauri wanda ke riƙe majaujawa da ƙarfin Coriolis, ko na juyi a hankali wanda ke ɗaukar gangaren matsi da V_θ da muhimmanci. Haɗa rabin wannan da rabin wancan shine ke jawo amsar da ba ta da kai.

Mataki na 7: to waye ke yanke ƙimar E_r tun asali?

Lissafin mataki na 4 dangantaka ce kawai, bai ce wane ne ya haifi wane ba. In tiyori kake ginawa kana son ka yi hasashen E_r ba aunawa ba, sai ka ƙara lissafi ɗaya, kuma wanda zaka ƙara ya danganta da siffar na'urar.

A sitelareta, wata na'urar tsare filasma dabam da tokamak, irin Wendelstein 7-X ta Greifswald a Jamus da ta fara aiki a ƙarshen 2015, ko LHD ta Japan, maganadisun a murɗe yake ba shi da daidaito a dogon zagaye, ayon da ilektiron kowa da saurin da yake tserewa waje kuma saurin ya danganta da E_r. Sai ka lissafa tserewar kowanne a kan E_r daban-daban, ka zana, inda layukan biyu suka haɗu nan ne amsar. Wani lokacin haɗuwa uku zaka samu, ɗaya negatif da ake kira tushen ayon, ɗaya fozitif babba da ake kira tushen ilektiron wanda ke fitowa in ilektiron sun fi ayon zafi sosai kuma yawa kaɗan ne, na tsakiyar kuma ba ya zama.

A tokamak wannan dabarar ba ta aiki, kuma wannan ne wurin da nake ganin ya fi ko'ina daɗi a duk maganar. Saboda daidaiton dogon zagaye, tserewar ayon da ta ilektiron daidai suke fitowa ko da wane E_r ka saka, lissafin sai ya ce maka sifili daidai yake da sifili. Abin da ke yanke E_r shine momentom na juyi a dogon zagaye, nawa ake zubawa, nawa ke yoyo waje. Felix Parra da Peter Catto sun ja hankali a 2008 cewa lissafin jairokinetik na yau da kullum, wanda ake lissafa hargitsi da shi, bai kai zurfin da zai iya fitar da wannan E_r mai faɗi da kansa ba. Don haka zauna ka jera masu murɗa filasmar: ƙwayoyin da ake harbowa, duk wani karan da ke tsallakawa waje wanda J×B nasa (J shine karan ɗin) ke murɗawa, birkin da ɗan karkacewar maganadisu ke yi, gogayya da iskar gas a gefe, da hargitsin kansa. Na ƙarshen ba wasa bane, a Alcator C-Mod ta MIT an ga filasma na juyi da gudun gomman kilomitoci ba tare da an tura ta ba, har John Rice da abokan aikinsa suka tattara bayanan na'urori da dama a 2007 suka nuna gudun na ƙaruwa da makamashin filasma raba da karan. Wannan ya shafi ITER, babbar tokamak da ake ginawa a kudancin Faransa, don ƙwayoyin da za a harba mata na MeV 1 ne, kuma a wuta iri ɗaya turin da ƙwaya ke bayarwa raguwa yake da tushen murabba'in makamashinta, idan ka kwatanta da na keV 80 turin ya ragu kusan sau 3.5, ga filasmar kuma ta fi girma nesa ba kusa ba.

In kana son E_r mai canzawa da lokaci, kar ka yi amfani da ε0 tsirara. Duk lokacin da E ya canza ayon na ɗan gusawa su yi karan da ke adawa da canjin, filasmar sai ta zama kamar kafasita mai ƙarfin 1 + c²/v_A², inda c gudun haske ne, v_A kuma gudun Alfvén, wato gudun girgizar da ke bin layin maganadisu. A yawa 5×10^19 da tesla 2.5, v_A kusan kilomita 5500 ne a daƙiƙa, lambar ta kai wajen 3000. Wannan ba komai bane illa nauyin filasmar da sai ka tura kafin ta juya. A siffar taya ma ya fi haka, Rosenbluth da Hinton sun nuna a 1998 cewa in ka ba filasma juyin E×B nan take, za ta yi ɗan rawa sannan ta bar maka kashi 1 raba da 1 + 1.6q²/√ε, inda q shine sau nawa layin maganadisu ke kewaye dogon zagaye kafin ya gama gajeren sau ɗaya, ε kuma r raba da R. Da q 2 da ε 0.2, ƙasa da kashi 7 cikin 100 ne ke saura. Wannan lambar ce ake fara gwada duk sabuwar manhajar jairokinetik da ita.

Mataki na 8: lissafa saɓanin gudu

Duk wahalar nan saboda wannan ake yinta. In E_r ɗaya ne ko'ina, filasma na juyi ne kawai da hargitsinta a ciki, ba abin da ya canza. Amma in shimfiɗa ɗaya ta fi maƙwabciyarta gudu, guguwoyin hargitsi da ke kwashe zafi waje sai a ja su a miƙar har su tsinke. Biglari, Diamond da Terry ne suka tsara lissafin a 1990, bayan Fritz Wagner ya gano yanayin H, wato yanayin tsare zafi mai ƙarfi, a tokamak ɗin ASDEX ta Garching a Jamus a 1982, inda tsare zafi ya kusa ninkawa biyu kwatsam, da kuma gwajin Taylor a UCLA a 1989 da aka cusa sanda mai boltej a gefen filasma aka tilasta E_r, yanayin H ya fito.

Lissafin gaggawa, saurin canjin E_r raba da B. Rijiyarmu ta mainos kilobolt 12 in ta koma sifili cikin santimita 1, a tesla 2.5, kusan 5×10^5 kenan a daƙiƙa. Kwatanta da saurin girman hargitsi, wanda ma'auninsa na farko gudun sauti ne raba da rabin kaurin filasma: a eV 500 gudun sautin kusan kilomita 155 ne a daƙiƙa, raba da mita 0.5, 3×10^5. Ƙa'idar da Waltz ya fitar daga lissafin kwamfuta a 1994 ta ce in saɓanin ya kai ko ya wuce girman mafi saurin hargitsi to hargitsin zai lafa. Ni dai ma'aunin ido nake ɗaukarta ba doka ba, kuma a gefe inda gangare ke da tsananin tsayi gudun sauti raba da kauri na iya raina girman hargitsin, gara ka ciro shi daga manhaja.

In aikin na gaske ne kuma kar ka tsaya a dE_r/dr, yi amfani da tsarin Hahm da Burrell na 1995, inda abin da ake ɗaukar gangarensa shine E_r raba da R·B_θ ɗin nan na mataki na 5, a kan ψ, wato adadin maganadisun gajeren zagaye da ake bambanta shimfiɗu da shi, sannan a ninka da (R·B_θ)² raba da B. Bambancin ba na ado bane, filasmar da ke juyi gaba ɗaya da saurin kwana ɗaya tana da E_r mai canzawa da r amma saɓaninta sifili ne, lissafin gaggawa zai nuna maka saɓanin da babu shi. Kuma tunda gangare kake ɗauka na abin da shi ma daga gangare ya fito, ka fara laushe bayanan n da T da V da lanƙwasa mai santsi, ka canza ƙarfin laushin sau biyu ko uku ka sake lissafi, in zurfin rijiyar da saɓanin suka yi tsalle da yawa to tazarar wuraren awonka ta fi faɗin rijiyar, sai ka nemi awo mai matsattsun wurare kafin ka rubuta lamba.